Kawu, saura mani shekara guda in ƙare karatun zane amma Baba ya ce in dawo gida

Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa da fatan iyali lahiya lau. Ni ɗan nan Maradi ne, babana baduku ne, a zaurenshi na tashi cikin fatu. Da na samu bak sai na tsallaka Najeriya wata jami'a ina karatun zane da ƙera kaya, ɓangaren yadi, wato saƙa da rini da buga zane, irin karatun da fiye da rabinshi a sitidiyo ake yi da hannu. Shekara huɗu ne, digirin onas suke ce mashi. Na gama ta uku na zo hutu, saura ta ƙarshe wadda ake yin babban furoje da baje koli.

To Baba ya ce ya isa haka nan. Ya ce ɗan maƙwabcinmu shekara uku yayi a jami'ar nan ya hito da lisans ni mi nike jira, kuma shi ya sa ni lakwal ne don in huta da basilla, ba don in tahi wata ƙasa a riƙa karɓar kuɗinshi ana koya mani abin da shi yake yi zaune a zaure ba. Yayana shina da shago a babbar kasuwa ya ce in zo in riƙe mashi. Kuɗin kayan aikin shekarar ƙarshe ma tsoro suke bani. Abin da ya fi ci mani rai kuma, ƙarshen zangon da ya wuce na kai wata jaka da na haɗa saƙi da fata, na sha wahala kanta sosai, malami ya jujjuya ta gaban 'yan aji ya ce wannan ai kayan kasuwa ne ba aikin ɗan jami'a ba. A gida ana ganin wasa nike da fenti, a makaranta ana ganin ni baduku ne kawai. Kawu in bari ne in kama shagon ko yaya zan yi?

*

Wa alaikumus salam ɗana, lahiya lau alhamdulillahi. Kada ka bari. Ka koma ka ƙarasa, amma da yardar Baba zaka koma ba da rigima ba, kuma ina ganin yardar nan ana iya samunta don akwai abu guda da ba a yi mashi bayani ba.

Baba ba ƙarya ya faɗi ba da ya ce ɗan maƙwabci shekara uku yayi. Jami'o'inmu na nan Nijar, har da Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, tsarin LMD suke bi, lisans shekara 3, masta 2, sannan dakta 3, in yaro ya gama ta uku an bashi takarda a hannu ya shigo gida da ita kowa ya gani. To da wannan ma'aunin Baba ke auna ka. Shi kuwa digirin da kake yi ba shi da tasha a tsakiya. A Afirka ta Kudu da Ostireliya onas shekara guda ce da ake ɗorawa bayan mutum ya riga ya karɓi digirin shekara uku, can wanda ya tsaya a uku shina da abin nunawa, amma a Najeriya huɗun nan dunƙule suke, in ka fita yau abin da za a baka takardar sakamakon jarrabawa ce kawai, relebe, wadda ba ka shiga kwankur da ita ba ka neman masta da ita. Ina da tabbacin Baba bai san haka ba, shi a ganinshi ka riga ka gama kana dai jan lokaci ne. Mutumin da ya ɗinka takalma da kube da fillo shekara uku shina aika maka da kuɗi, in ya gane barin yanzu na nufin kuɗin nan duka sun tahi ba takarda, zai sake lissafi da kanshi ba sai ka roƙe shi ba.

Akwai kuma inda Baba ke da gaskiya kuma kada ka yi mashi musu a nan. Babu wani biro da ke jiranka ranar da ka gama. Gwamnati ba ta ɗaukar masu digirin zanen yadi da yawa, masaƙun zamani da suka ɗauki dubban mutane a Kaduna da Kano mafi yawansu sun rufe tun tuni. In ka je ka ce mashi Baba da na gama zan samu babban aiki, ka ɗauki alkawarin da ba a hannunka yake ba. Sannan ka dubi abin daga inda yake zaune, mutum ya shekara talatin ko fi a duƙe, baya na ciwo ido na raguwa, mai saye ya zo ya taya aikin kwana uku kamar abin banza, ya ce ɗana dai ba zai yi wannan ba, sai ga ɗan ya dawo daga jami'a da zare da fata a jaka. Ba ƙin ka yake ba, tsoro ne yake ji maka.

Yanzu maganar malaminka, wadda na ga ita ce ta fi huda ka. Yadda ya faɗe ta gaban 'yan aji bai kyauta ba, malami na iya faɗin gaskiya ba tare da ya kunyata yaro ba. Amma ka ajiye zafin gefe ka ji abin da ke ciki, don abin da ke cikin maganar shi ne ainihin abin da ake zuwa shekarar ƙarshe a koya.

Ka shiga wurin masu sana'ar hannu na Maradi ka bi rumfunan dukawa ka duba. Aiki mai kyau, ɗinki a tsare, amma jakar wannan rumfa ita ce ta waccan, girma ɗaya ado ɗaya, in ka ce don mi maratayin ya yi siriri haka alhali shina cin kafaɗa sai a ce haka muka taras. Baba in ya murza fata tsakanin yatsu biyu ya san ko ta ƙoshi da bagaruwa ko majemi ya yi gaggawar tsamo ta, ya san ta wuya ya san ta ciki inda take saki, wannan ilimi ne wanda malaminka ƙila bai da rabinshi. Sai dai duk a yatsun Baba yake, ba a rubuce ba, ba a auna ba. Su kuwa masu duba furojen onas, har da malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya zo ya duba aikin 'yan ajin ƙarshe, ba kyan ɗinki kaɗai suke ba maki ba. Za su tsaya gaban kayanka su ce wa zai riƙe wannan jakar, mi zai sa ciki, don mi ka zaɓi wannan launi, mi ka gwada ya ƙi, ina wanda ya ƙi ɗin mu gani, nawa ta ci maka, in ka ba wani baduku zanen da awon zai iya fitar da goma iri ɗaya ba kana tsaye kanshi ba? In ka kai jaka ita kaɗai, ba kayen zane ba gwaje-gwaje ba guntayen da suka lalace, to gamammen kaya malami ya gani, kuma gamammen kaya wanda ba a san hanyar da aka bi aka iso gare shi ba shi ne yake kira kayan kasuwa. Hannu kana da shi tun daga gida, 'yan ajinku da yawa sai a aji biyu suka fara riƙe allura. Abin da ya rage maka ka nuna tunanin da ke bayan hannun.

Kuma kada wani ya sa ka ji kunyar zauren da ka hito. Ka ciro naira 20 ka juya bayanta, matar da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, wurin gwaggonta ta koyi gini a ƙauye tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja wadda yanzu ake ce ma Suleja, ta koyi gashi mai tsananin wuta da shafen da ke sa tukunya ƙyalli, amma ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa tun a gida ba ta bar su ba, su ne ma suka kai aikinta Landan, kuma a 1977 jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Akwai abu guda a labarinta da nike so ka riƙe, randunan nata da aka yi masu wancan gashin sun yi nauyi kuma sun daina sanyaya ruwa, sun koma abin ajiyewa a kalla. Ita ya karɓe ta, duniya ta yaba. Kai dai da zaka dawo Maradi ka ci abinci da aikinka, ka kula kada neman burge malamai ya sa ka ƙera abin da ba mai iya ratayawa ya je biki da shi.

To ga abin da nike ganin zai kashe maka matsala biyu lokaci guda, ta kuɗi da ta Baba. Ka gina furojenka kan kayan garinku.

Kana zaune kan abin da 'yan ajinku ba su da shi. Fatar jar akuyar Maradi sananniya ce, ga laushi ga ƙarfi ga fuska mai kyau, tun zamanin ayari ake ketara Sahara da jar fatar ƙasar Hausa zuwa Maroko har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko don daga can take iso masu, kuma yanzu an yi rajistar sunanta a OAPI, hukumar ƙasashen Afirka mai kare sunayen kaya, kamar yadda aka yi ma kilishi da cuku da albasar Galmi. Amma mafi yawanta ɗanya take fita, a loda a yi Kano da ita, a jeme a can a wuce da ita Turai, ribar ƙera kaya ta zauna wurin wasu. Mafi yawan fatar duniya da sinadarin kurom ake jeme ta, tamu kuwa da bagaruwa, kuma akwai masu saye a waje da musamman irin wannan jimar ta itatuwa suke nema. To mi ya sa kayanmu ba su tsada? Ka tambayi duk wanda ya taɓa kai kaya baje koli, ƙorafin masu saye bai wuce huɗu ko biyar ba, wari, launi na zuba ya ɓata farar riga, hunhuna da damina, zif na tsatsa ko ya ɓalle, sannan ka yi odar ashirin a kawo maka ashirin kowace da girmanta. Kowane guda cikin waɗannan furoje ne mai zaman kanshi. Ka ɗauki guda, ni da ni ne zubar launi zan ɗauka don ita ce ta fi kusa da ɓangarenka na rini.

Ga yadda aikin zai kasance a zahiri. Ka samo karan dafi na ja, gangamau na rawaya, baba na shuɗi, bagaruwa da ruwan tsatsar ƙarfe na baƙi, don duk inda ƙarfe ya haɗu da ruwan bagaruwa baƙi yake bayarwa. Ka yanka farin saƙi da guntayen fata ƙanana ƙanana kamar tafin hannu, kowane ka rubuta mashi lamba a baya. Wannan ka rina da kanwa, wannan da ruwan toka, wannan ka fara jiƙa shi a alam kafin rini, wannan ba komai, kuma komi ka auna, giram nawa na karan dafi cikin lita nawa na ruwa minti nawa a wuta, ka rubuta nan take a kaye da kwanan wata, ba wai sai dare ka zauna kana tunowa ba. In sun bushe ka ɗauki farin ƙyalle ka goga sau goma a bushe, ka ɗauki wani ka jiƙa ka goga sau goma, ka manna ƙyallayen kusa da lambarsu. Ka rufe rabin kowane guntu da kwali ka shanya a rana sati biyu, ranar Maradi ba ta wasa zata faɗa maka gaskiya, ka buɗe ka ga bambancin inda aka rufe da inda ba a rufe ba. Wasu ka wanke da sabulu wasu ka rataye a ɗaki mai laima. Bayan wata guda zaka samu allo cike da guntaye, rabi sun kwaɓe, kada ka zubar da ko guda, waɗanda suka kwaɓe ɗin su ne shaidarka ranar kare furoje. Daga wanda ya fi riƙe launi sai ka ƙera kayan.

Kuma kayan kada su yi yawa. Yara na ɗauka cika ɗakin baje koli shi ne ƙwazo, sai a zo da abu ashirin ba wanda aka gama da kyau. Biyar ko shida sun isa in dangi ɗaya ne, a gani a san hannu ɗaya ya yi su tunani ɗaya ya haife su, kowane da zanen awonshi a kwali da lissafin kuɗinshi. Ita jakar da aka kushe ma kada ka jefar, ka warware ta ka ga ina saƙin ke ja ina fatar ke saki, ta zama gwaji na ɗaya.

Sai dai ka yi hattara da abu guda. Kai ɗan ɓangaren yadi ne, dole yadi ya ja gaba fata ta bi baya, in ba haka ba a ce ka fita daga fanninka. Ko a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sashenta na zanen masana'antu ya daɗe, ɓangarorin huɗu ne, tukwane, gilashi, zanen bugawa da yadi, fata ba ta da ɓangare nata. Don haka kafin ka kashe ko dala ka rubuta shafi guda, ga matsalar ga abin da zan gwada ga abin da zan ƙera, ka tura ma malamin da zai duba furojenka, ya amince a rubuce. In ma wanda ya kushe ka ne ka tura mashi, sau da yawa malamin da ya fi zafin baki in ya ga yaro ya dawo da shiri shi ke fin kowa tsaya mashi. In kuma makarantarku ba ta da nisa da Zariya, a Samaru akwai cibiyar NILEST wadda aikinta kenan binciken fata da koyar da jima da takalma, ka nemi takarda daga sashenku ka je ka ga yadda suke gwada fata da na'ura.

Rubutun furoje kuwa kada ka bar shi sai ƙarshe. Kai da faransanci ka yi bak, rubuta babi biyar da turanci ba zai zo maka da sauƙi kamar 'yan ajinku ba, to kullum in ka tashi daga aiki ka rubuta ko rabin shafi ne na abin da ka yi yau, ka ɗauki hoto da waya da hasken safe bisa farin ƙyalle, ba da dare da fitila ba. Da yawa aikin hannunsu ya yi kyau rubutu ya ja su ƙasa. Maganar daraja kuma, a ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'in can ke amfani da shi daga 4.50 ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu babba, ka duba inda kake ka ga ko shekarar nan na iya ɗaga ka, don in kana da niyyar masta ko neman bursi wata rana ana dubawa. Mai sayen jaka dai ba zai tambaye ka ba.

Kuɗi. Ka daina cewa suna ba ka tsoro, ka zauna ka rubuta su, kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, mota, kayan aiki, kowane da adadinshi a naira da kuma sefa bisa canjin ranar. Tsoron abin da ba a lissafa ba kullum ya fi abin girma. Zaka ga in furojen na kayan gida ne layin kayan aiki ya ragu sosai, bagaruwa da karan dafi da kanwa a kasuwa suke da arha, guntayen fata kuwa a zauren Baba ana share su ne. Sannan yayanka, kada ka ɗauke shi abokin gaba, mutum ne da ya ga ƙanenshi na shan wahala ya miƙo abin da yake da shi. Ka je ka same shi a shago ka ce Yaya na gode, ba ƙin shagon nike ba, ka bani shekarar nan, kuma kafin in koma bari in yi ƙananan kaya, gidan waya, walat, maratayin makulli, ka ajiye mani a gefen kanta abin da aka saida ya shiga kuɗin furoje. Ko kaɗan aka saya ka samu abu biyu, kuɗi, da sanin abin da mutanen Maradi ke sa hannu a aljihu su saya, wanda shi ma babi ne a rubutunka.

Kayan aikin kuma ka tahi da su gaba ɗaya tun tahiyar farko. Ka tuna yadda aka rufe iyaka a 2023 ba a buɗe ba sai Maris 2024, wanda ya bar rabin kayanshi a gida da niyyar zai dawo ya ɗauka ya ga ta kanshi. Ka riƙe katin makaranta da takarda daga sashenku mai nuna kayan na karatu ne don masu duba kaya a Dan Isa da Jibiya, kuma hanyar nan da rana ake bin ta. Wani abu kuma, kada ka ce ma Baba wata kaza zan gama. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati a Najeriya sun yi wata takwas suna yajin aiki. Ka ce mashi zango biyu suka rage, in an samu tsaiko ba daga gare ni ba ne kuma duk ranar da aka tsaya ina nan zaure ina taya ku aiki.

Yanzu yadda zaka tunkari Baba, wanda shi ne ya fi duk abin da na faɗi a sama muhimmanci. Ba a zaure gaban masu saye da yaran aiki ba. Ka fara da Inna, ka yi mata bayanin maganar takardar nan har ta gane, sannan ka nemi mutum guda da Baba ke jin nauyi, amininshi ko wanshi ko limamin unguwa, shi ma ka yi mashi bayani ka nuna mashi lissafin. Sai bayan isha'i in ya ci abinci ya huta ka je ka durƙusa. Kalmar da zaka kiyaye kamar wuta ita ce ka ce zaka gyara sana'arsu ko ka zamanantar da ita, ranar da ka faɗi haka ka rufe ƙofa. Ka ce Baba an ce kowa ya kawo aikin da zai kare karatunshi da shi, ni kuma na duba ban ga abin da ya fi aikin gidan nan ba, amma abin da na sani ciki kaɗan ne, ina roƙo ku koya mani kafin in koma, ku nuna mani majemin da kuka yarda da jimarshi, ku faɗa mani abin da ke sa ja ya zauna da abin da ke sa shi zuba. Kuma ba dabara nike koya maka ba, gaskiya ce, kana buƙatarshi, ba littafin da ke ɗakin karatun jami'arku da zai faɗa maka abin da ya sani. Ka zauna kusa da shi da kaye kana rubuta abin da yake faɗi, ka sa sunanshi cikin rubutun a matsayin wanda aka ɗauko ilimin wurinshi, ba a shafin godiya kaɗai ba. Haka majema da marina da masaƙan da zaka je wurinsu, ka nemi izini kafin hoto, abin da suka ce sirrin gidansu ne ka bar masu, ka kuma biya su lokacinsu ko da kaɗan ne.

Zai tambaye ka to in ka gama sai mi, ka bashi amsar da ba ƙari ciki. Takardar sai an kai Yamai an yi mata ekibalans, wato a daidaita ta da takardun Nijar, kafin ta yi aiki a nan, ka adana relebe na kowace shekara da takardar shigarka tun yanzu. Da ita ana iya neman koyarwa a cibiyoyin koyon sana'a da makarantun fasaha. Amma babbar hanyar ita ce atilye naka, ka yi rajista da CMANI ta masu sana'ar hannu, ka bi FAFPA da ke tallafa ma horon sana'a, ka sa ido kan SIAO, baje kolin sana'ar hannu na Wagadugu da ake yi duk shekara biyu tun 1988 da FIMA, bikin nunin tufafi da Alphadi mai zanen tufafi ɗan Nijar ya fara a 1998, ka ga irin kayan da ake kaiwa da yadda ake gama su. Shekarun farko za a sha wuya, ƙila ma da safe kana shagon Yaya da marece kana kan aikinka, wannan ba faɗuwa ba ce.

In kuwa duk an yi wannan Baba ya ce a'a, ko kuma ka duba ka ga gidan da gaske ba zai iya ɗaukar kuɗin bana ba ko an matse, to kada ka tsallake maganarshi ka tahi, kuma kada ka zauna shiru makaranta ta neme ka ta rasa. Ka rubuta ma sashenku takardar neman ɗage karatu na shekara guda, difamen suke ce mata, ta bi ta hannun shugaban sashe, ka karɓi amsa a rubuce ka ajiye. Wanda ya ɓace ba takarda ana iya cire sunanshi, kuma karatun shekara huɗu yawanci ba a barin mutum ya wuce shida bai gama ba, don haka jinkirin na da iyaka. Cikin shekarar ka riƙe shagon da amana, ka tara, gwaje-gwajen rinin kuma ba abin da zai hana ka yin su a tsakar gida, sai manya su sake komawa wurin Baba in hankali ya kwanta.

Satin nan dai ka fara da shafi gudan nan na malami da lissafin kuɗin, kafin ka buɗe baki da kowa a gida. Ka rubuto mani abin da malamin ya ce da yadda kuka ƙare da Baba. Allah shi yi maka albarka, ka gaida su Inna.